Kamfanin da ya kai kulob ɗinmu yawon babur a Maroko: inda suka burge ni da inda suka ba ni haushi

Ga duk kulob ɗin mahaya babur da ke shirin fita waje hutu a ƙungiyance, ga abin da na gani game da kamfanin da ya ɗauki nauyin tafiyarmu a Maroko, daga Marrakesh muka tsallake duwatsun Atlas har rairayin Marzuga, muka zagayo ta Tarudant muka dawo. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a maganata kuma mun riga mun faɗa musu baki da baki, amma irinsu suna da yawa a Marrakesh kuma tsarinsu kusan ɗaya ne, su ba ka babur haya, su haɗa ka da jagora da motar kaya da makanike, su kama otal, kai dai ka zo da lasin da hular kwano. In maki zan ba su, huɗu ne cikin biyar, kuma wannan ɗayan da na cire wallahi a kan yini ɗaya tak na cire shi, zan zo kansa.

Tun kafin mu tashi suka fara ba ni sha'awa, don sai da suka turo wa kowa takarda ya cika, shekara nawa kana tuƙi, wane irin babur kake hawa, ka taɓa bin hanyar dutse, har tsayinka sai ka rubuta. Wasu a cikinmu suka ga kamar an cika bin diddigi, to amma da muka je ai mun ga amfaninsa. Baburansu BMW F 750 GS ne da R 1250 GS sai Yamaha Ténéré 700, kuma kowa ransa na kan babban, wato 1250 ɗin, alhali nauyinsa ya kai kilo 249 in an cika tanki, ita kuma Ténéré kujerarta ta haura santimita 87, gajeren mutum da ƙyar yatsun ƙafarsa za su taɓa ƙasa. Manajan ya ƙi ba mutum biyu abin da suka zaɓa, ya ce ƙaramin za su hau, aka ɗan yi cacar baki, ya nuna musu cewa 750 ɗin ma injinsa cc 853 ne, ba abin rainawa ba ne. Ni dai na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, don wanda ya damu da kuɗi kawai babban zai miƙa maka tunda hayarsa ta fi tsada.

Kuɗin ajiya kuwa a kan kati suke riƙewa, kuma kafin ka karɓi makulli sai an zagaya babur ɗin da kai ana ɗaukar bidiyo, kowane ƙarzane a nuna shi. Ku ma ku ɗauki naku da wayarku, kar ku ji nauyi.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne yadda suke tafiyar da ayari a kan titi, nan ne kuɗinka yake. Jagora na gaba, akwai kuma mai rufe baya sanye da riga mai ƙyalli wanda ba ya taɓa wuce kowa, can baya kuma motar kaya da makanike a ciki. Duk inda aka zo mararraba ko shataletale, jagora zai nuna wa wanda ke biye da shi wuri da hannu, shi kuma ya tsaya a nan yana nuna wa sauran hanya, ba zai motsa ba sai ya hango mai rufe baya, sannan ya shiga gabansa. Da wannan tsarin ba wanda zai ɓata, kuma ba wanda zai dinga murɗa totur fiye da ƙarfinsa don tsoron kar a bar shi, wanda ai shi ne yake jawo yawancin haɗari a tafiyar ayari, mutum yana bin fitilar na gabansa ya shiga kwana da gudun da ba nasa ba. A miƙaƙƙen titi kuma ba a jeruwa layi ɗaya, wannan ya ɗan karkata hagu na bayansa ya karkata dama, kowa na da filin taka birki, in an shiga kwanoni sai a koma ɗaya bayan ɗaya a buɗe tazara. Mu a kulob muna ganin mun iya tafiya tare, amma wannan tsarin tun daga safiyar farko kowa ya yarda ya fi namu.

Fita daga Marrakesh akwai hayaniya, ƙananan babura ta ko'ina, keken doki, tasi, amma da ka kama babban titin N9 ka fara hawa sai komai ya lafa. Tizi n'Tishka, wato inda titin yake tsallake duwatsun Atlas, tsayinsa mita 2,260 ne, an faɗaɗa titin sosai a 'yan shekarun nan, kwalta mai kyau, sai dai manyan motoci da bas-bas na masu yawon buɗe ido, kuma akwai sanyi a sama ko da ka baro gari cikin zafi, don haka rigar ciki mai kauri ta zama a kusa, kar ta tafi a motar kaya. Bayan an gangaro jagora ya kauce da mu daga babban titi zuwa Telwet, inda tsohon gidan sarautar iyalan Glawi yake, dangin Thami El Glaoui da ya yi Pasha, wato mai mulkin birnin Marrakesh, zamanin Faransawa ya rasu a 1956, daga nan muka bi kwarin Unila muka ɓullo Ait Ben Haddu, garin nan na ginin ƙasa da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Wannan kaucewar ita ce ta fara nuna min jagoran ya san aikinsa, don da yawa babban titi kawai suke miƙewa har Warzazat. Allunan hanya da Larabci suke da Faransanci, wasu har da Tifinag, wato rubutun harshen Amazig na mutanen duwatsun, don harshen ya zama na hukuma a ƙasar tun 2011, shi ma jagoran ɗan duwatsun ne, yana jin duka ukun da Turanci.

A kwazazzabon Dades ne na ga abin da ba zan manta ba. Akwai wasu kwanoni a jere da suke hawa jikin dutse kamar maciji, waɗanda kowa yake ɗauka a hoto, kowace kwana sai ka juyo gaba ɗaya kana kallon inda ka fito kuma ga hawa. Dattijon kulob ɗinmu, mutum mai shekaru da ya daɗe yana tuƙi amma bai saba da irin wannan ba, ya shiga kwana ta biyu da giya mai nauyi, babur ya mutu masa a tsakiyar kwanar, ƙafarsa ta dama tana neman ƙasa ba ta samu ba saboda gangaren. Kafin mu ankara mai rufe baya ya jingine nasa ya rugo ya dafe babur ɗin ta baya. Bai ɗaga murya ba, ya ce "Alhaji, kar ka kalli ramin, kalli inda kake son zuwa, taka birkin baya, giya ɗaya, saki kuloci a hankali." Hannun Baba yana rawa a kan kuloci ina gani, ya ce "Ɗana, anya kuwa?" Yaron ya ce "Ina riƙe da kai Alhaji, bismilla." Haka ya bi shi da ƙafa yana tura shi har ya fita kwanar, sannan ya koma ya hau nasa ya biyo shi a hankali har sama. Da muka tsaya shan shayi bai tayar da maganar a gaban kowa ba, gefe ya ja Baba ya nuna masa yadda ake buɗe kwana daga waje a juyar da kai tun kafin babur ya juya. Washegari a kwazazzabon Todga da sauran hanyar Baba bai sake samun matsala ba. Irin wannan ma'aikacin ko nawa aka biya shi bai yi yawa ba.

Todga kam wucewa ce, bangon dutse hagu da dama da ɗan ruwa a ƙasa, ga cunkoson 'yan yawon buɗe ido, hoto kawai muka yi muka wuce. Risani ta fi ba ni sha'awa don a gefenta kufan Sijilmasa yake, birnin da ayarin raƙuma ke tashi daga shi su ƙetare Sahara neman zinari, jagora ya tsaya ya ba mu labarin da kyau. A Marzuga tuddan rairayin Erg Shebbi wasu sun kai mita 150, kuma nan ma kamfanin ya yi abin da ya dace, sun hana kowa shiga rairayi da manyan babura. Wanda yake so aka kai shi fili mai tsakuwa da ɗan yashi a gefe, aka rage iskar taya, aka koya masa tsayuwa a kan matakai da barin kan babur ya yi rawarsa ba tare da an ƙanƙame shi ba. An faɗi, an tashi, ba wanda ya ji ciwo.

Makaniken ma sai na yaba masa. Kowane dare muna cin abinci shi yana waje da tocila a goshi yana bin babura ɗaya bayan ɗaya, iskar taya, mai, birki, ya sa wa masu sarƙa man sarƙa. Ƙusa ta huda tayar wani a hanyar Alnif, tayar marar tub ce, ya cusa mata faci ya buga iska, ko shayin da aka ɗora bai gama dahuwa ba muka tashi.

To yanzu ga inda suka ɓata min rai. Daga Marzuga suka tsara mana mu kwana a Taliwin a yini ɗaya, ta Alnif da Tazarin da Nkob da Agdz da Taznakt, tafiyar da ta haura kilomita 450, da ayarin da ya haura babur goma, kuma duk wanda ya taɓa tafiyar ayari ya san tsayuwar shan mai kaɗai sai ta ci rabin awa, ga sallah, ga abinci, ga shingayen jandarmomi, ga ƙauyuka da dole ka sauko 60 don suna tsayawa da na'urar auna gudu kuma tara a take ake biya. A takarda abin yana yiwuwa, a kan babur kuwa wahala ce zalla. Daga Taznakt titin yamma ya miƙe, rana tana faɗuwa cikin idonmu kai tsaye, gilashin hula duk ƙura, ga iska tana bugu daga gefe, mutane sun gaji har an daina tsayawa a mararraba yadda aka koya mana. Ƙarshenta cikin duhu muka shiga Taliwin, alhali su da bakinsu suka ce dokarsu ba a tuƙin dare, saboda jakuna da masu keke marasa fitila da tumaki a bakin titi. Wani ƙaninmu a kulob da ya sauka daga babur sai da ya zauna a ƙasa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Shugabanmu ya samu jagora a daren ya ce masa "Malam, wannan ba daidai ba ne, rayukan mutane ne a hannunku." Jagoran bai musa ba, ya ce ofis ne suke matse kwanaki don farashi ya yi sauƙi a talla. Na yarda da shi, amma wannan ba uzuri ba ne ga kamfanin, kwana ɗaya a Agdz cikin dabinon kwarin Dar'a da ya warware komai, kuma da an tambaye mu da mun biya ƙarin da daɗin rai.

Ƙananan abubuwa kuma, sun yi alkawarin na'urar magana a hula tsakanin jagora da mai rufe baya, ta yi ta yankewa a cikin duwatsu har suka koma waya. Otal-otal ɗin lafiya lau, tsafta, ruwan zafi, wurin ajiye babura a kulle, sai guda ɗaya da aka haɗa mutum uku a ɗakin mutum biyu. Inshorar ma ba su yi bayaninta sosai ba sai da muka matsa, ashe ba ta ɗaukar taya da abin da ya lalace a wajen kwalta.

Hanyar dawowa ta Tizi n'Test, wata mashigar duwatsun Atlas tsakanin Tarudant da Marrakesh, ita ce mafi wuya kuma mafi kyau, wajen mita 2,100, siririya, wasu wuraren mota biyu ba sa giftawa, babu shinge a gefe. Yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, wadda ta kashe mutane kusan 3,000, har tsohon masallacin Tinmel na zamanin daular Muwahhidun ya rushe, kuma lokacin da muka bi mun ga duwatsun da suka zubo da aikin gyara a hanya. Kafin mu hau jagora ya tara mu ya ce a rage gudu a ƙauyuka, kar a yi ta ƙarar inji, kar a ɗauki hoton gidajen mutane da suka rushe. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don akwai danginsa a wajen, kuma kowa ya kiyaye. A wannan ranar sun raba mu gida biyu, masu sauri da masu bi a hankali, kowane rukuni da mai kula da shi, abin da ya kamata a ce sun yi tun ranar Taliwin.

Wajen mayar da babura ba su yi mana wasa ba, an buɗe bidiyon farko an gwada, mutum ɗaya aka cire wa kuɗin madubi da marikin birki da ya karya a yashi, aka nuna masa rasit, sauran aka sake musu kuɗinsu cikin mako.

Zan sake tafiya da su, kuma zan ba wani kulob shawarar ya bi su, amma da sharaɗi. Ku nemi jadawalin kowace rana da kilomitocinta a rubuce tun kafin ku biya, duk ranar da ta haura 300 a hanyar dutse ku ce a raba ta biyu ko da za a ƙara kuɗi. Ku tambaya ko mai rufe baya ma'aikacinsu ne a kan babur, don wasu kamfanonin direban motar kaya kawai suke bari a baya, shi kuwa ba zai iya dafe maka babur a tsakiyar kwana ba. Ku karanta takardar inshora da kanku. Lokacin tafiya kuma Afrilu zuwa Mayu ko Oktoba, don a tsakiyar lokacin zafinsu, wajen Yuli da Agusta, Marzuga ba ta shiguwa da rigar babur, a hunturu kuma ƙanƙara tana iya rufe Tishka.