Gargaɗi ga masu shafin intanet a Damagaram: kada ku sayi "linki dubu" da "baƙi dubu goma" masu ziyartar shafi

Jama'a, salamu alaikum. Wannan gargaɗi ne daga masu aikin gina shafukan intanet da kula da su a nan Zinder, zuwa ga duk mai shafi: dukawa masu tallan jaka da takalmi, masu gidan saukar baƙi, masu makarantun kuɗi, ƙungiyoyi, da matasan da ke wallafa labarai suna jiran kuɗin talla. Akwai wasu da ke bin mutane ta WhatsApp da Facebook, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci da Hausa tsantsa, suna cewa za su saka adireshin shafinka a shafukan ajiye adireshi ɗari biyar ko dubu, cikin mako guda ka hau shafin farko na Google, baƙi su yi ta kwararowa. Sai a turo maka hoton allo da layi ya miƙe sama kamar gaske. Kuɗin farko ba ya da yawa, jaka goma ko sha biyar, da gangan ake rage shi don kada ka tsaya shawara.

Hajar da suke sayarwa ta daɗe da mutuwa, kuma nan ne damfarar take. Shafukan ajiye adireshi sun taɓa yin tashe da gaske. Wuri ne da mutum zai adana adireshin abin da ya karanta ya ji daɗi, ya sa masa alama, wasu su gani su danna su ƙara masa ƙuri'a. StumbleUpon ya fara a 2001, Delicious a 2003, Digg a 2004, Reddit a 2005. A wancan zamani labari ɗaya da ya hau fuskar Digg yakan jawo jama'ar da har na'urar da ke ɗauke da shafi ta kasa. Amma Digg ya sauya fasali a 2010 jama'arsa suka watse zuwa Reddit. Delicious ya yi ta sauya hannu har aka hana saka sabon adireshi a cikinsa a 2017. StumbleUpon ya rufe a watan Yuni na 2018, Pocket kuma a watan Yuli na 2025. Idan ka ga sunayen waɗannan da suka rufe a takardar tallan mutum, to ya kwafo ta ne daga tsohon rubutu bai ko karanta ba.

To ina suke samo dubun? Akwai manhajoji na kyauta, irin su Pligg, da ke ba kowa damar kafa shafi mai kama da Digg cikin ƴan mintoci. Mutum ɗaya zai sayi sunayen shafuka masu araha ɗari, ya ɗora su a na'ura guda, sannan wata manhaja ta zuba adireshinka a cikinsu duka da jimla iri ɗaya. Babu mai karanta su. Kamar a ɗauki allon shagonka ne daga Kasuwar Dole a kai shi kufai a kafa, sannan a kawo maka hoto a ce an yi maka talla.

Za su ce ai ba don mutane ake yi ba, don Google ne, wai yawan linki, wato adireshinka da aka saka a wasu shafuka, ke ɗaga shafi. Wannan ma ya wuce. Tun watan Janairu na 2005 aka fito da alamar nofollow, wadda ake liƙa wa linki don a gaya wa injin bincike cewa mai shafin bai tsaya wa wannan adireshi ba, kuma a 2019 aka ƙara alamar ugc don abin da jama'a suka saka da kansu. Shafukan kirki masu barin kowa ya saka adireshi galibi da waɗannan alamu suke aiki. Waɗanda ba sa sakawa kuwa, su ne Google ya fara farauta da tsarin Penguin a watan Afrilu na 2012. Daga 2016 tsarin ya shiga cikin injin kansa, yana watsar da irin waɗannan linki ba tare da ya ƙirga su ba. Dokokin Google sun ambaci sayen linki da linkin shafukan ajiye adireshi marasa inganci a cikin abin da suka haramta, kuma kamfanin da kansa ya ce babu wanda zai iya yi maka alƙawarin matsayi na ɗaya. Wani abin dariya, har yanzu akwai masu alƙawarin ɗaga maka "matsayin Alexa", alhali an rufe Alexa ɗin, mai jera shafuka bisa yawan baƙinsu, tun 1 ga Mayu 2022. Lambar DA da suke yawan nunawa kuma ma'auni ne na wani kamfani mai suna Moz, Google ba ya aiki da ita.

In an riga an turo maka jerin adireshin a takardar Excel, ba sai ka nemi masani ba. Zaɓi layi goma daga tsakiya da ƙarshe, kada ka ɗauki na sama domin nan suke jera masu ɗan kyau. Buɗe kowanne. Za ka tarar wasu ba sa buɗewa, wasu kuma sunanka na zaune tsakanin tallan caca da maganin ƙarfin maza. Kwafi adireshin wanda ya buɗe, ka rubuta site: a gabansa a akwatin Google ba tare da barin fili ba. In babu abin da ya fito, alama ce mai ƙarfi cewa Google bai ma ɗauki wannan shafi a rumbunsa ba, balle linkin da ke ciki ya amfane ka.

Maganar baƙi ita ce ta fi ruɗar mutane, domin lamba takan tashi da gaske a Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu ziyartar shafi. Hanya biyu ce. Ko dai a turo manhaja mai kwaikwayon mutum ta buɗe shafinka sau dubbai, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, a ɗauki lambar Analytics ɗinka mai farawa da G-, wadda kowa zai iya gani a cikin rubutun ƙarƙashin shafin, a riƙa aika mata rahoton ƙarya ba tare da an taɓa shafin ba. Ga yadda ake kama su. Duba ƙasashen baƙin: shafi da Hausa yana sayar da kilishi ko alkaki, amma masu shiga daga Ashburn ta Amurka ko Singafo, wuraren da manyan rumbunan kwamfuta suke. Duba durée d'engagement, wato tsawon lokacin da baƙo ya yi a shafin: daƙiƙa ɗaya ko sifiri. Duba sa'o'i: mutanen gaske suna ƙaruwa bayan isha'i suna raguwa da tsakar dare, na'ura kuwa ƙarfe uku na dare da azahar duk ɗaya ne a wurinta. Sannan ka shiga cPanel, allon kula da shafi a wurin kamfanin da ke ɗauke da shi (masauki), ka duba AWStats, ƙidayar baƙi ta na'urar masaukin kanta. In Analytics na cewa dubu uku, na'urar masauki ba ta ga komai ba, to iska aka sayar maka. Ma'auni mafi gaskiya shi ne Search Console, kayan aikin da Google ke ba masu shafi, sashen Performances: nan ake ganin wanda ya neme ka a Google ya danna. Wannan lamba ba ta motsi da aikinsu. Salularka ma ba ta ƙara kira ba, kuma ranar da kuɗin wata ya ƙare baƙin za su ɗauke ɗif, sai a kira ka a ce ka sabunta.

Da asarar ta tsaya a jaka goma da da sauƙi. Mai AdSense, tsarin tallan Google da ke biyan mai shafi, shi ya fi shiga haɗari, domin baƙin na'ura da ke buɗe talla ana lissafa su a ziyarar bogi, kuma Google ba ya tambayar wa ya turo su, mai shafi ke da alhaki. Za a iya zaftare kuɗin, a taƙaita tallan, ko a rufe asusun gaba ɗaya. Yaron da ya yi watanni yana tara dalar Amurka 100 da ake bukata kafin a biya shi zai iya rasa ta a kan hanya saboda wannan.

Mafi muni shi ne lokacin da suka ce sai an ba su kalmar sirri "don a gyara ciki". Saka adireshinka a wani shafi ba ya bukatar shiga naka, ko kaɗan. Wanda ya sami matsayin Administrateur, wato mai cikakken iko, a WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, zai iya buɗe wa kansa wani asusu a ɓoye, ya ɗora extension, wato ƙaramar manhajar ƙari, da ke cusa linkin caca a ƙasan shafuka, ko ya sa duk wanda ya shigo daga Google ta salula a karkatar da shi wani wuri, kai kuma da ke shiga kai tsaye daga kwamfutarka ba za ka ga komai ba sai wani abokin ciniki ya yi maka ƙorafi. Akwai kuma zagaye na biyu: bayan ƴan watanni wata lamba daban ta rubuto cewa ta gano munanan linki na cutar da shafinka, ka biya a cire. Sau da yawa hannu ɗaya ne.

Wanda ya riga ya faɗa, ya fara da sauya kalmar sirri ta WordPress, ta masauki, ta wurin da ya sayi sunan shafi, da ta Gmail ɗin da ke riƙe da su duka, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ya shiga Comptes, jerin masu asusu a WordPress, ya goge duk sunan da bai sani ba, ya cire duk extension da ba shi ya saka ba. A Search Console, ƙarƙashin Paramètres, ya duba masu izini. Cire sunan mutum kaɗai bai isa ba, sai an goge fayil ko layin da ya yi amfani da shi wajen tabbatar da mallaka, in ba haka ba zai dawo. In akwai kwafin shafin na kafin a ba su hannu, a mayar da shi. In baƙin bogi na ci gaba da zuwa, a ɗauke talla na ɗan lokaci a sanar da AdSense ta fom ɗin da suka tanada. Sai a duba Actions manuelles a Search Console, inda Google ke nuna hukuncin da ya yi wa shafi. In wurin babu komai, a bar linkin nan su ruɓe da kansu, kada a biya kowa kuɗin cirewa. In akwai hukunci, a nan ne ake rubuta fayil .txt, kowane layi ya fara da domain: sai sunan mugun shafin, a ɗora shi a kayan aikin désaveu, wanda ke gaya wa Google ya yi watsi da linkin waɗannan shafuka, sannan a nemi a sake duba shafin. Wannan kayan aiki yana da kaifi, wanda ya zuba shafukan kirki a ciki da kuskure ya cuci kansa.

Ku adana hirar, muryoyin da aka turo, lambar da aka aika wa kuɗi da rasit ɗin ajans, ku kai kwamsariya. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet, lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, kuma damfara ta wannan hanya na cikinta. Amma dokar nan tana hukunta ɓata suna ma, saboda haka kada haushi ya sa ku liƙa hoton mutum da zagi a Facebook, musamman da yake sau da yawa hoton da lambar ba na ɓarawon ba ne.

Ba mu ce duk saka adireshi a waje banza ne ba. Baduku mai hotuna masu kyau zai iya samun masu saye ta Pinterest in ya riƙa sakawa da hannunsa, hoto ɗaya da bayaninsa da linkin kayan. Reddit na da jama'a, sai dai kowane zaure da dokarsa kuma suna korar mai zuwa da talla kawai. Ga mai shago a Birni ko Zango, rajistar wurinsa a taswirar Google kyauta ce, kuma ita ce ke fito da shi idan baƙo ya sauka garin yana nema. Duk inda kuka saka linki, ku ƙara masa ?utm_source= da sunan wurin a ƙarshe, bayan wata guda Analytics zai nuna muku wanne ya kawo mutanen da suka tsaya suka karanta.