Jahangir ko Jansher: salon wa ya kamata ka koya?

Masu koyon wasan sikwash, wanda mutum biyu ke dukan ƙaramar ƙwallo da raket a jikin bango cikin ɗaki, sun sha tambayata salon wa za su kwaikwaya tsakanin Jahangir Khan da Jansher Khan. Dukansu 'yan Pakistan ne, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Ta fannin kofuna, Jansher ya ci gasar duniya sau 8, Jahangir sau 6. A gasar Birtaniya kuwa Jahangir ya ɗauka sau 10 a jere, daga 1982 zuwa 1991.

Salon Jahangir ƙarfi ne tsantsa. Yana dukan ƙwallo ta bi jikin bango har lungun baya, ba sassauci, sai numfashin abokin karawa ya ƙare. Da haka ya yi wasa 555 ba a doke shi ba, har sai da Ross Norman, ɗan wasan New Zealand, ya kayar da shi a 1986. Wannan salo sauƙin fahimta gare shi, amma tsadarsa gumi ne, kullum gudu da atisaye mai tsanani.

Jansher kuma ɗauko ƙwallo yake daga inda kowa ya fid da rai, taku biyu ya koma tsakiyar fili yana jira. A ganina wannan ya fi wuyar koyo, kuma ciwon gwiwa ya dame shi a ƙarshen zamanin wasansa.

In kana da ƙarfi da juriya, ko yanzu ka fara, bi Jahangir. Mai tsawon ƙafa da haƙuri, wanda ya iya karanta abokin karawa, Jansher ya fi dacewa da shi.