Sharhi kan asibitin haɗin gwiwa na masu juna biyu da ke fama da sankarar mama

A wani asibitin koyarwa da na raka ƙanwata, akwai tsarin da likitan mata, likitan tiyata da likitan ciwon daji suke duba mai ciki a zama ɗaya idan an tabbatar tana da sankarar mama. Cutar ba ta cika haɗuwa da juna biyu ba, domin ana ƙiyasta mace ɗaya ce cikin masu ciki kusan 3,000, amma takan ɓuya, saboda nono yana kumbura da ciki, kuma sau da yawa akan ɗauki ƙullutun da aka ji a matsayin taruwar ruwan nono har sai ya yi nisa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda suka ƙi gaggawar raba uwa da cikinta. Dangi sun zo da tunanin cewa dole ne a zubar da cikin kafin a fara magani, sai likitan ya bayyana cewa zubarwar ba ta ƙara wa uwa damar warkewa. Ana iya yin tiyata da ciki, sannan allurar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, irin su doxorubicin da cyclophosphamide, ana jinkirta ta har watanni ukun farko su wuce, domin a cikinsu ne gaɓoɓin jariri suke haɗuwa, kuma a dakatar da ita kimanin mako uku kafin haihuwa domin jinin uwa da na jariri ya farfaɗo. Gasa ciwon da hasken na'ura, da maganin tamoxifen, da maganin trastuzumab wanda ke rage ruwan da jariri ke kwance a ciki, duk sai bayan an sauka.

Babbar barazanar da ke kan jaririn ita ce haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi. Binciken da Farfesa Frédéric Amant na Jami'ar Leuven a ƙasar Beljiyam ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa yaran da aka yi wa iyayensu mata kemo suna ciki ba su sami naƙasu a ƙwaƙwalwa ko zuciya ba, kuma fitowa kafin lokaci ce ta fi shafar ci gabansu. Saboda haka ne likitocin suka dage sai cikin ya kai mako 37, suna ta maimaita hoton ciki domin auna girman ɗan.

Inda tsarin ya gaza shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Sakamakon tsokar da aka yanka ya ɗauki makonni kafin ya fito, alhali mai ciki ba ta da makonnin ɓatawa, kuma wasu magungunan sai da muka nemo su a waje da tsada. Haka nan babu wanda ya zauna da ƙanwata kan batun shayarwa, wadda ba ta halatta a lokacin kemo, sai wata ungozoma da ta yi hakan don ra'ayin kanta. Duk da wannan, mai cikin da ta ji ƙullutu a nononta ya kamata ta nemi a tura ta irin wannan asibitin tun daga wurin awo.