Sharhi kan Firintar Epson L3250 Mai Tankin Tawada

Mai neman firinta don amfanin gida yakan fara da tambayar farashin na'urar, alhali ainihin kuɗin da zai kashe yana cikin tawadar da za ta riƙa sha da wutar da za ta riƙa ja. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa na zaɓi Epson EcoTank L3250, kuma yanzu da ta ga damina ta ga hunturu a gidana, ina ganin zan iya faɗin inda ta gamsar da inda ya kamata mai saye ya yi tunani tukuna.

Aikin da muke ba ta na gida ne kawai: aikin makaranta na yara, takardar shaidar rajistar JAMB, kwafin katin shaidar ɗan ƙasa, wasiƙu, da hotuna jefi-jefi. Na'urar tana bugawa, tana yin kwafi, tana kuma ɗaukar hoton takarda ta tura shi waya ko kwamfuta, saboda haka zirga-zirgar zuwa shagon kwafi ta ragu ƙwarai.

Batun tawada shi ne dalili mafi ƙarfi. Ƙananan firintocin da ke amfani da katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake canzawa idan ya ƙare, suna da arha a ranar saye, amma ƙaramin katirij na baƙar tawada a irin wannan aji, bisa ƙiyasin masu ƙera shi, shafi 120 ne ko kusa da haka yake bugawa. Ita kuwa L3250 tankuna huɗu gare ta a gefen gaba, na baƙi da shuɗi da ja da rawaya, waɗanda ake cikawa daga kwalba mai mililita 65. Kamfanin ya ce kwalba ɗaya ta baƙa tana buga shafi 4,500, wato rim tara na takarda, kwalabe uku masu launi kuma shafi 7,500. Idan aka yi lissafi, sai mutum ya sayi katirij sama da 37 kafin ya kai abin da kwalba ɗaya ke yi. Gaskiya ne cewa waɗannan alƙaluma an samo su ne daga shafukan gwaji marasa yawan rubutu, kuma wanda ke buga hotuna masu cika shafi ba zai kai nan ba, amma ko an rage rabi, tazarar tana nan da girmanta. Tankunan kuma ana ganin cikinsu, don haka tawada ba ta ƙare wa mutum ba zato a daren da yaro zai kai aiki makaranta washegari. Bakin kowace kwalba an yi shi ne yadda ba zai shiga tankin wani launi ba, kuma tawadar takan tsaya da kanta idan tankin ya cika.

Abu na biyu shi ne wuta, wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba. Firinta mai lesa tana amfani da garin tawada ne, kuma sai ta narkar da shi da zafi kafin ya manne a takarda, shi ya sa take jan ɗaruruwan wat a lokacin bugawa, musamman sa'ad da take ɗumama kanta. Ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta na iya ɗaukar wannan nauyi da ƙyar, ko ma su katse. L3250 ba ta dafa komai. Kan bugunta, wato sashen da ke zuba tawada a takarda, yana da wasu ƙananan sassa da ke lanƙwasawa idan lantarki ya ratsa su, sai su fesa ɗigon tawada a kan takarda, kuma wutar da take ja yayin aiki ba ta wuce wat 12 ko makamancin haka ba. A gidan da ya dogara da sola, wannan yana nufin ana iya bugawa da dare ba tare da an kashe fanka ba.

Sai dai firinta mai ruwan tawada, ko ta wane kamfani ce, ba ta son zaman banza, kuma hunturu ne babban abokin gabarta. Bushewar iska tana daskarar da tawada a ƙananan ramukan kan bugu, sai layuka farare su fara ratsa rubutu. Abin da nake yi shi ne buga shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan launuka a kowane mako, in rufe na'urar da mayafi saboda ƙura, tunda wurin sa takardarta a baya yake a buɗe, sannan in kashe ta da maɓallinta kafin a zare ta daga soket, domin ta haka ne kan bugun ke komawa mazauninsa inda murfi ke hana shi bushewa. Akwai umarnin wanke kan bugu idan ya toshe, amma yawan amfani da shi yana cinye tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ragowarta a cikin na'urar. A wannan samfurin, idan soson ya cika sai an kai wa mai gyara, yayin da Canon G3420, wadda ita ma mai tanki ce, mai ita zai iya canza wannan sashe da kansa. Wanda ke zaune nesa da masu gyara ya dace ya auna wannan bambanci.

Ta fuskar sauri ba abin yabo ba ce: shafi 10 a minti ɗaya na baƙi, 5 na launi. Ba ta juya takarda da kanta don buga gaba da baya, ba ta da wurin zuba takardu da yawa don kwafi, sai dai a riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi, kuma ba ta da allo, fitilu ne kawai ke nuna halin da take ciki. Tawadarta ma rini ce mai narkewa a ruwa, don haka jiƙaƙƙen hannu na iya ɓata rubutu. Ɗalibin da ke buga kundin bincike mai kauri, ko mai buga takardun yarjejeniya da za a adana shekaru, firinta mai lesa ta fi dacewa da shi matuƙar yana da wutar da za ta ɗauke ta. Haka nan wanda sai ya yi wata biyu bai buga komai ba, domin garin tawada ba ya bushewa.

Haɗa ta da waya bai ba ni wahala ba. Manhajar Epson Smart Panel ce ke jagorantar mutum tun daga cika tankuna, kuma saboda tana da Wi-Fi Direct, waya na iya tura mata aiki kai tsaye ko da babu intanet a gidan, abin da ya amfani mutanen gidana da ba sa taɓa kwamfuta.

Wajen sayen tawada, a duba lambar da ke rubuce a jikin tankin kafin a tafi kasuwa. Samfurin da aka yi don Afirka da Turai lamba 103 yake sha, wanda aka shigo da shi daga Asiya kuma 003, kuma duka biyun suna yawo a shagunanmu. Jabun kwalabe ma suna da yawa, kuma ɗan rangwamen da ake samu a kansu bai kai kuɗin sabon kan bugu ba, wanda shi ne sashe mafi tsada a cikin na'urar.