Bitar ƙwararre ko zaman rubuta dabaru a cikin ofis?

Malam, tsakanin ɗauko ƙwararre ya yi wa ma'aikatanka bitar kwana biyu a kan ƙirƙira, da kafa naku zaman fitar da dabaru a cikin ofis, na biyun za ka ɗauka. An yi duka biyun a inda nake aiki, kuma ɗaya ne kawai ya bar mana abin nunawa.

Tsarin da muke bi wani Bajamushe ne mai suna Bernd Rohrbach ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, ana ce masa 6-3-5. Mutum 6 za su zauna, kowa da takardarsa. Kowa ya rubuta dabaru 3 cikin minti 5 a kan matsala guda, sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ɗora nasa a kai. Cikin rabin awa takardu sun zagayo, in kowa ya cika nasa, dabaru 108 ne a gabanku. Yawancinsu tarkace ne, kada hakan ya dame ka. In an tsinci uku masu kyau, zama ya biya.

Za ka ce me ya hana a zauna a yi ta da baki? Ai wannan shi ne tsarin Alex Osborn, ɗan kamfanin talla na Amurka, wanda ya yaɗu bayan littafinsa na 1953. Amma tun a 1958 masu bincike a Jami'ar Yale suka gwada, suka ga mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai sun fi waɗanda aka tara wuri ɗaya yawan dabaru. A 1987 wasu masu bincike biyu, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalili: a taro mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kanka ka manta abin da ke ranka, ko ka raina shi ka haɗiye. Ƙara da abin da kai ma ka sani, in oga ya faɗi nasa, wane ne zai ce ba haka ba?

Akwai wata yarinya da ke karɓar baƙi a wurinmu, ban taɓa jin muryarta a taro ba. Matsalar da muka sa a gaba ita ce masu zuwa da takardun da ba su cika ba, a mayar da su, su dawo ransu a ɓace. Ita ta rubuta cewa a riƙa tura wa mutum jerin abin da zai zo da shi ta waya tun ranar da ya nemi ganawa. Da takardar ta isa hannun direbanmu, sai ya ƙara cewa a haɗa da hoton kowace takarda saboda waɗanda karatu ke ba wahala. Muka gwada, cunkoson bakin ƙofa ya ragu. Yanzu in an kira zaman, ita ke fara zuwa da bironta.

Bitar kuwa, to, an yi. An lilliƙa takardu kala-kala a bango, an ɗauki hoto, an raba satifiket, ranar Litinin kowa ya koma gidan jiya. Tana da rana ne kawai in akwai takamaiman abin da kuke son koya, kamar yadda ake yi wa kwastoma tambayoyi, kuma mai koyarwar ya yarda ya yi aiki a kan matsalarku ta gaske.

Sai dai zaman rubutun ma mutuwa yake yi in ma'aikaci ya ba da shawara ya ji shiru. Kowace dabara a ba ta amsa cikin mako, ko da a'a ce, a faɗi dalili. Toyota tun 1951 take karɓar shawarwarin ma'aikatanta a tsare. Kamfanin 3M kuma tun 1948 yake barin masu bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu a kan abin da suka zaɓa. A can ne Spencer Silver ya haɗa wani gam maras ƙarfi a 1968, aka rasa abin yi da shi, har abokin aikinsa Art Fry ya gano amfaninsa a 1974, sannan Post-it, 'yar takardar nan mai wannan gam da ake liƙawa a ɓamɓare, ya bazu a kasuwa a 1980. Shekara 12 kenan ba su yar da abin ba. Don haka kuɗin da ka ware wa bita, mayar da shi kuɗin gwada dabarun yaranka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar bita. Wasu za su manna tambarin manyan jami'o'i a takardarsu, alhali babu wata alaƙa. Duk wanda ya ce maka ɗan'adam kashi 10 na ƙwaƙwalwarsa kawai yake amfani da shi, kuma shi zai buɗe sauran, sallame shi, ƙarya ce da masana suka daɗe da ƙaryatawa. In ka dage sai ka ɗauko wani, ya ba ka sunayen wuraren da ya yi wa aiki, ka kira su da kanka, a rubuta yarjejeniya, kuma kada ka biya duka kafin a gama.