Kamfanin da ya ɗaukar min Fijo 504 tsakanin gareji da gareji: direban ya iya aiki, ofishin ne dai sai a hankali

Duk wanda ya taɓa tayar da tsohuwar mota ya san aikin baya ƙarewa a gareji ɗaya, fanel bita daban mai fenti daban makanike daban, kuma babu wanda zai ɗauko kayan aikinsa ya zo ya same ka, kai ne zaka kai masa. To motar da babu inji babu birki babu ƙofofi ta yaya zata kai kanta? Shi yasa nace bari in ɗan rubuta yadda muka kwashe da wani kamfanin ɗaukar mota da nayi aiki dasu, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a ciki.

Motar Peugeot 504 ce, salun, ƙirar 1976. Ita 504 a 1968 ta fara fitowa har ta ci motar shekara ta Turai a 1969, kowa ya san ƙarfinta, amma ƙarfen da ya kusa shekara hamsin yana shan ruwa da rana ba irin na ranar da aka ƙera shi bane. Kuma abin da da yawa basu lura dashi ba, ita ba irin Land Cruiser bace mai shasi daban bodi daban, bodin nan shi ne ƙashin bayan motar gaba ɗaya. Tawa kuwa an yanke daɓen ƙasa an sake, an yanke dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙofa da tsatsa ta cinye, gefe ɗaya ma ba a gama waldarsa ba. Mota a wannan halin in aka ja ta da ƙarfi ta kusurwa ɗaya ko aka ɗaure ta a karkace sai bodin ya murɗe, ba ma zaka gani da ido ba, sai ranar da aka zo maida ƙofa ta ƙi rufuwa sannan ido ya raina fata.

Da farko janwe na so in kira irin mai ɗaga gaba ya bar tayoyin baya suna bin titi, fanel bitan ne yace a'a, a nemo mai shimfiɗaɗɗen baya wadda bayanta ke zamewa ya sauko ƙasa, mai winci, wato na'urar da ke jawo mota sama da wayar ƙarfe. Su kuma irin ta suka turo.

Abin da ya fara burge ni da direban, da ya iso bai ma kalli wincinsa ba, zagaya motar yayi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi da tocilan ɗin waya, sannan ya tambayi fanel bitan wai Oga an tokare bakin ƙofofin nan kuwa? Aka nuna masa ƙarafan da aka yi wa walda a gicciye daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya girgiza su da hannu sannan yace to yanzu a yi magana. Ƙugiyar ja ta gaba da na nuna masa kuwa ya ɗan ƙwanƙwasa ta da sifana tsatsa ta zubo, yace Malam wannan ko keke ba zan ja da ita ba. Sai ya zagaya bel mai laushi a ƙaton ƙarfen da ke gicciye ƙarƙashin mazaunin inji, ta ɓangare biyu, yadda jan zai zo daidai ta tsakiya. Akwai kuma wani abu da sai wanda ya san 504 zai kula, farfelarta, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, a cikin wani dogon bututu take wanda ya haɗe giyabos da difaransha na baya, to tunda an cire inji da giyabos bakin bututun na gaba ya rasa abin riƙewa yana reto. Shi ya hango, ya ɗaure shi sama kafin a motsa, ba don haka ba da bakin zai caki hawan motar tasu.

Tayar baya ɗaya ta kame ƙam bata juyawa, birkin ya manne saboda daɗewa a tsaye. Wani zai ce a ja kawai ta bi a hakan, shi jak ya sa ya ɗaga ya tura wani ɗan keken ƙarfe mai ƙananan tayoyi a ƙarƙashi. Jan ma a hankali a hankali, yana tsayawa yaronsa yana matsar da weji a bayan taya, kuma ya kori kowa daga bayan motar har ni mai ita, don babu hambirki, in wayar wincin ta tsinke babu abin da zai tare ta.

Ɗaurin shi ne inda nafi tsayawa na kalla. Sarƙa ko ɗaya bai sa a jikin bodi ba, bel ya ɗora ta saman kowace taya ya ɗame da abin matsewa, tayoyi huɗu bel huɗu. Dalilinsa kuwa mai kyau ne, motar da aka cire wa inji gabanta tashi yake sama don sifirin ya rasa nauyin da ya saba ɗauka, to ta fi tsalle a hanya, in ka ɗaure bodi da sarƙa duk ramin da aka faɗa sarƙar zata saki ta sake fizga, ƙarfen da aka yi wa sabuwar walda ne zai sha wahalar. In taya ka kame shikenan bodi yayi ta lilonsa a kan shokozoba babu komai. Wayar wincin ma ya bar ta a maƙale amma yace ita ba ɗauri bace, ja ne aikinta. Bamu yi nisa ba ya faka gefe ya sake bin bel ɗin ɗaya bayan ɗaya, biyu kuwa sun ɗan saki.

Bayan an gama fenti da za a kai wa makanike sai suka ce sai dai rufaffiyar mota, ta fi tsada kam amma ban yi gardama ba. Tamfol da ake yawan cewa a lulluɓa ba abin yi bane a kan sabon fenti, ka taɓa ka ji ya bushe amma cikinsa sai yayi makonni kafin ya ƙanƙare sosai, iska na kaɗa tamfol ɗin yana bugun jiki da ƙurar da ta shiga tsakani, kamar ka ba yaro samfefa kace ya goge maka madubi. A nan dai ban ga ko ɗigon ƙwarzane ba.

To yanzu ofis. Wallahi sun gajiyar dani. Na yi wa wadda ta ɗauki waya bayani dalla-dalla cewa motar bata tashi, babu inji, akwai kaya a kwalaye, tace ta rubuta, washegari wani ya kira yana tambaya wai ko akwai mai a tankin. Lokacin da suka yanka ma basu cika ba, gareji har an fara haɗa kaya za a rufe, ka kira layi yayi ta ringin babu mai ɗagawa. Direban da kansa yace shi an ce masa mota ce ta lalace a hanya, sa'a ce kawai keken nan na taya yana cikin motarsa.

Babban ƙorafina kuwa kayan da ke warwatse ne. Motar da ake tayarwa rabinta a kwali take, ƙofofi, bonet, gilasai, bamba, lagireto, kafireto, fitilu, ledojin noti da aka rubuta wa suna. Takardarsu ta karɓar mota hoton cikakkiyar mota ne a jiki da ake yi wa alama inda ya lotsa, babu ko layi ɗaya na lissafin kaya, ni na yagi takarda na rubuta na sa direba ya sa hannu na ɗauki hoton kowane kwali a buɗe. Da na tambayi inshora sai aka ce motar kaɗai inshorar ta shafa, abin da ba a ɗaure yake a jikinta ba kuma babu ruwansu, to ai ni kuɗin rabi a kwalayen yake. Yaron motar kuma ba ya da hannun ubangidansa ko kaɗan, gilashin gaba ya ɗauko zai kwantar a ƙasa, gilashi mai lanƙwasa da a tsaye ake ɗaukarsa da bargo, sai da direban ya daka masa tsawa. Injin dai an tsiyaye mai an ɗaure shi a kan katako ya isa lafiya. Amma dogayen ƙarafan adon nan masu ƙyalli na gefen bodi, an ɗora musu kwalin da lagireto ke ciki, ɗaya ya tanƙware a tsakiya, kuma wanda ya taɓa neman kayan adon 504 ya san ba abu bane da zaka shiga shago kace a miƙo maka.

Zan sake kiransu? Motar kanta eh, in dai wannan direban za a turo, kuma sai na ji muryarsa a waya na yi masa bayani da bakina. Kwalaye da gilasai kuwa a motata zan ɗauka ko da zai ci min zirga-zirga. Maganar ƙarfen adon na tura musu hotunan kafin lodi da na bayan sauke kaya, sun ce manaja zai kira ni, shi kuma ƙarfen yana wajen fanel bita yana lallaɓa shi da gudumar roba ko zai miƙe.