Waken SAMPEA 20-T a idon manomin Damagaram

Wannan iri ya fito ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma Najeriya ta yi masa rajista a watan Disamba na 2019. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis aka saka a jikin waken, ta yadda tsutsar maruka, wadda ke cinye fure tana huda kwasfa, za ta mutu idan ta ci shi.

A wannan aiki guda ɗaya babu abin kushewa. Na ga gonarsa a wurin ƴan uwa a ƙasar Daura, kusa da gonar waken gida, kuma bambancin ba ya buƙatar gardama: kwasfar waken gida cike take da huji da kashin tsutsa mai kama da garin katako, ta sabon irin kuwa sumul. Inda a da ake feshi sau 6 zuwa 8 a damina, masu irin sun ce sau 2 ya wadatar, wanda duk ya taɓa goya famfon feshi da rana tsaka ya san darajar wannan ragi. Ɗanɗanonsa a ƙosai da ɗan wake bai bambanta da wanda muka saba ba.

Sai dai hanzari ba gudu ba. Maruka ta fi ɓarna inda ruwa ya wadata, saboda haka manomin Magarya ko Matamaye zai fi ganin amfaninsa a kan na Tanut, wanda fari ne babban abokin gabansa. Irin ba ya maganin darɓa da sauran ƙwarin da ke tsotson kwasfa, haka kuma ƙwarin rumbu za su huda shi muddin ba a zuba shi a buhun PICS mai hawa uku ba. Tsayuwa yake yi, ba ya yaɗo sosai, don haka harawarsa ba ta kai ta waken gida ba, alhali a Damagaram harawa kuɗi ce idan rani ya tsananta. Ƙwayarsa ma matsakaiciya ce, masu saye da tiya a kasuwar Dole kuwa manyan ƙwaya suke bi.

Izinin shuka shi na hukumomin Najeriya ne, don haka kada manominmu ya tsallako da irin sai ya tuntuɓi malaman gona ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar.